Manhajar Rumbun Bayanai: A Gina ta a Samaru, ko a Karɓi Haya a Intanet?

Tsakanin Samaru da kasuwar Sabon Gari a Zariya akwai wani ciniki da ba a kasa shi a faranti. Samaru ke da masu rubuta manhaja: ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello, da waɗanda suka gama suna jiran kiran bautar ƙasa, da ma'aikatan da ke neman na cefane bayan an tashi daga ofis. Sabon Gari kuma ke da masu lissafin da ya fi ƙarfin littafi. Ga mai kemis da ke son sanin maganin da kwanansa ya kusa ƙarewa, ga dilan taki da iri mai bin manoma bashi sai kaka, ga mai kayan gyaran mota da kowane ƙarfe nasa ke da lamba, ga mai makarantar kuɗi da sakamakon yara ke hana shi barci duk ƙarshen zango. Sai wani ya haɗa su. Yaro ya shiga bas daga Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila, ya isa shagon Alhaji da kwamfuta a jaka. Bayan 'yan makonni ya girka masa manhaja, a sallame shi, kowa ya yi godiya.

Abin da ake girkawar kashi biyu ne, ko da yake mai shago abu ɗaya yake gani. Akwai rumbun bayanai, inda ainihin lissafin ke kwance jadawali-jadawali: na kaya, na ciniki, na masu bashi. Akwai kuma manhajar da ake buɗe rumbun da ita, a shigar da sabo, a gyara kuskure, a nemo, a goge. Wannan ta biyun ake gardama a kanta. Wasu sun ce a ci gaba da gina ta a nan gida, ta zauna cikin kwamfutar shago ba ruwanta da intanet, mai ginin kuma ya riƙa kula da ita. Wasu sun ce zamanin wannan ya wuce: ko dai a ɗauki waɗanda duniya ta riga ta gina kyauta, ko a biya kamfani kuɗin wata ya riƙe komai a sabarsa, kai dai ka buɗe ta waya.

Masu son ginin gida ba sa wahalar neman hujja, domin wuta da sabis sun riga sun yi musu rabin aikin. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A ranar 14 ga Maris na shekarar, wayoyin intanet da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma sun samu matsala, bankuna da kamfanoni suka yi ta ba da haƙuri. Kafin nan, daga ƙarshen Satumban 2021 zuwa Nuwamba, gwamnati da kanta ta sa an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga. A irin waɗannan ranaku, ƙaramar kwamfuta mai batir da faifan sola ɗaya a rufin shago tana ci gaba da fitar da rasit. Wanda lissafinsa ke wata saba a Legas ko Turai kuwa sai ya koma biro da takarda, ya yi fatan zai tuna ya shigar daga baya. Yawanci ba ya tunawa.

Sai batun kuɗi. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba. A 2024 ta haura 1,500. Duk manhajar da ake biyan hayarta da dala ta ninka sau uku ba tare da an ƙara mata ko maɓalli ɗaya ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗan kasuwar Sabon Gari ya saba da saye, bai saba da hayar da ba ta da ranar ƙarewa ba, kuma tambayarsa tana da ma'ana: “To, Injiniya, ranar da ban biya ba fa, sai su rufe mini littafin bashina?” Amsar gaskiya ita ce, a wurare da yawa, e.

Hujjarsu da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta sanin gari. Manhajar da aka rubuta a Amurka ko Indiya ta san sayarwa da katan da ɗai-ɗai, amma ba ta san buhu da tiya da mudu ba, balle a ce buhun wannan hatsi bai kai na wancan yawan tiya ba. Ba ta san mutum zai karɓi taki da damina a rubuta da sunan wansa, ya biya da masara bayan girbi ba. Ga kuma sunaye. Mutum ɗaya ne Muhammad a yau, Mohammed gobe, Muh'd a rasit ɗin bara, Mamman a bakin yaran shago. Ɗanladi na iya shiga rumbu da ƙugiyarsa, ko ba ita, ko da alamar tambaya a madadin harafin farko, domin MySQL, wanda ɗalibai da yawa ke koyo da shi, ya daɗe yana zuwa da tsarin haruffan Yammacin Turai sai in mutum ya sauya da kansa. Sai a fitowa ta 8, a 2018, aka mayar da tsarin da ke ɗaukar haruffan duniya ya zama na asali. Wanda ya taɓa raka ƙaninsa gyaran suna saboda na katin ɗan ƙasa bai dace da na rajistar JAMB ba ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaron Samaru zai rubuta bincikensa yadda in ka buga Danladi zai kawo maka duka ukun. Kamfanin waje ba zai ma fahimci ƙorafin ba.

Suna ƙarawa da cewa garin da ke da jami'a tun 1962, da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, abin kunya ne a ce ko manhajar lissafin kemis sai ya yi aro. Wannan magana tana da daɗin ji. Sai dai kishi ba ya ɗaga waya ƙarfe tara na dare in rumbu ya ƙi buɗewa, kuma daga nan ɗaya ɓangaren ke fara nasa bayani.

Su ba su musanta cewa yaron zai iya ginawa ba. Cewa suka yi ginin ne mai sauƙi. Manhaja kamar rijiya take: haƙa sau ɗaya ne, yasa kuwa sai ranar da aka daina sha. Windows zai sabunta kansa cikin dare, da safe firinta ta daina magana da manhajar. Kaya za su ƙaru, binciken da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya ya koma minti. Mai makaranta zai sauya yadda ake raba makin gwaji da na jarrabawa. In da Microsoft Access aka yi rumbun, fayil ɗin ba ya wuce gigabait 2, kuma an san shi da lalacewa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, musamman in kwamfuta biyu ko uku ke amfani da shi lokaci guda. Duk wannan aiki ne, kuma ba a sa shi cikin cinikin farko ba. Alhaji yana ganin ya saya ya biya, gyara haƙƙinsa ne. Yaron yana ganin ya gama ya miƙa, abin da ya biyo baya alfarma ce. Shekara ɗaya ko biyu, sai ka ji wayar da kowa ya sani:

“Injiniya, abin nan fa ya ƙi buɗewa tun jiya, ga mutane a tsaye.”

“Ranka ya daɗe, wallahi ina Abuja yanzu. Sai dai ƙarshen wata in na shigo.”

Bai yi ƙarya ba, bai kuma ci amana ba; ya samu aiki ne. Samaru zango ce ga yawancin masu wannan sana'a, shago kuwa yana nan har jikoki. Mafi muni, asalin rubutun manhajar, wanda ba a iya gyara ta sai da shi, yana cikin kwamfutar yaron, wadda wataƙila an sace ko ya sayar. Wanda za a kira bayansa zai duba ya ce gara a sake sabuwa, a sake biya, a sake shigar da kaya ɗaya bayan ɗaya.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan shaguna ne. A tsakiyar shekarun 1990 an raba wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB ƙarƙashin wani shiri na bashin Bankin Duniya. Kamfanin waje ne ya gina ta, ba ɗalibi ba, amma da shirin ya ƙare aka bar jami'o'i da kuɗin sabuntawa da neman mai gyara, sai aka yi ta watsar da ita. Yau da yawansu Koha suke amfani da ita, manhajar kyauta da aka fara ginawa a New Zealand a 1999. Visual FoxPro, wanda aka rubuta manhajojin albashi da na sito masu yawa da shi, Microsoft ya daina kula da shi kwata-kwata a 2015. Su ma masu gina wa duniya kyauta ba su tsira ba. A Maris 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin ɗimbin sabobin duniya. Yadda aka yi kuwa, mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita shekara da shekaru ba albashi, ya gaji, wani ya zo da fuskar taimako ya karɓi ragama. Wanda ya bankaɗo abin, Andres Freund, ɗaya ne daga masu gina rumbun PostgreSQL, kuma wani ɗan jinkiri da ya lura da shi ne ya sa ya bi sawu. In haka ta faru da abin da idon duniya ke kai, ina ga manhajar da mutum ɗaya tak ya san cikinta a Samaru?

Hujjarsu ta biyu gajera ce: me ya sa za a sake ƙera abin da ke nan? Mai son buɗe rumbu ya ga jadawali ya gyara layi yana da HeidiSQL, wadda wani Bajamushe, Ansgar Becker, ke kula da ita fiye da shekara ashirin. Yana da DBeaver. Yana da DB Browser for SQLite, wadda ta fito tun 2003. Duk kyauta, duk a kan kwamfuta suke zama ba sa neman intanet in rumbun na gida ne, duk dubban mutane sun riga sun ci karo da kurakuransu an gyara. Ɗalibin da ya ce zai yi kishiyarsu a firojet ɗinsa na aji huɗu zai koyi abu da yawa, wannan babu shakka, amma kada ya girka wa mai kemis.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba su cika son faɗa a gaban mai shago ba, ni kuwa a ganina shi ne zuciyar maganar. Manhajar gyara bayanai ita ce kuma manhajar sauya su. Maɓallin da ke mayar da kuskuren 15 ya koma 51 shi ne ke mayar da katan hamsin da suka fita su koma sha biyar. A littafin takarda, gogewa tana barin tabo. Alhaji zai ga inda aka kankare, ya san rubutun kowane yaro. A rumbun da aka gina da gaggawa, lamba tana sauyawa ba ta bar ko ƙura ba. Yawancin irin waɗannan manhajoji kalmar sirri ɗaya gare su, kowa a shago ya san ta, wani lokaci ma tana manne a jikin allon kwamfutar. A makaranta wannan na nufin makin yaro. A asibitin kuɗi, lissafin magani. A ƙungiyar adashi, zufar mata talatin. Ko ba mugun nufi, umarni ɗaya na SQL da aka manta aka ƙayyade masa layin da zai taɓa yana iya mayar da farashin kowane kaya a shago ya zama ɗaya cikin ƙiftawar ido. Saboda haka waɗancan manhajojin kyauta, da duk kyawunsu, kayan aikin injiniya ne. Wanda ya bar su a buɗe a kwamfutar kanta ya ba yaran shago mabuɗin komai.

Nan masu hayar intanet ke samun maki. Kamfanin da ya san aikinsa yana ba kowane ma'aikaci sunansa da iyakarsa, yana rubuta wanda ya taɓa me da ƙarfe nawa, yana ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Ta Sabon Garin Kano a Maris 2016 ta ci dubban shaguna. Kwamfuta ɗaya ƙarƙashin kanta, da filashin da aka yi kwafi a ciki yana cikin aljihun teburi ɗaya da ita, tare za su ƙone. Kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma tsananta a kan na lafiya da na yara. Mai makaranta da mai asibiti ba za su ce ba da su ake ba. Masu hayar intanet suna kuma kafa hujja da harkar lafiya: manhajar DHIS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu, a kan Access take a da, kowane ofis da kwafinsa, ana aika fayil sama. Da abin ya girma aka sake gina ta don intanet ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oslo, kuma wannan sabuwar, DHIS2, ita Najeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita.

Wannan misali gaskiya ne, amma ya nuna iyakar hujjar tasu. Abin da ya kori DHIS daga kan tebur shi ne ofisoshi da yawa da ke buƙatar ganin lissafi ɗaya. Wanda ke da shago a Sabon Gari, sito a Tudun Wada, da reshe a Funtuwa, shi ma haka: ya nemi saba, ya biya haya, ya yi tanadin ranar da sabis zai ɗauke. Ba ni da ja a nan. Amma yawancin masu sayen manhaja a wannan kasuwa ɗaki ɗaya gare su da kwamfuta ɗaya, kuma tura lissafinsu ƙetare don a dawo musu da shi ta data ba dabara ba ce. (Masu cewa a bar su da Excel kawai su tuna hukumar lafiya ta Ingila, wadda a 2020 ta zubar da sakamakon gwajin korona kusan 16,000 saboda tsohon fayil ɗin Excel ya cika ba wanda ya lura.)

Ra'ayina shi ne manhajar kan kwamfuta tana da sauran rai mai tsawo a Zariya, amma ba irin wadda ake ginawa yanzu ba. Kuskuren yana cikin abin da ake ɗauka shi ne kayan sayarwa. Ana sayar da allo mai launi da tambarin shago, alhali abin da ke da daraja shi ne rumbun da alƙawarin kula da shi. Rumbun ya kamata ya zauna a tsarin da kowane injiniya zai iya buɗewa bayan shekara ashirin. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a 2000, fayil ɗaya ne, ba na kowa ba ne, an gina shi yadda in wuta ta ɗauke ana rubutu zai koma yadda yake kafin a fara, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, masu kula da shi kuma sun ce niyyarsu su riƙe shi har 2050. A kan irin wannan, yaron Samaru ya gina ƙaramin abu: fuskar da ta san tiya da bashin kaka da Ɗanladi, wadda ba ta goge layi sai dai ta rubuta gyara a ƙarƙashinsa da sunan mai gyaran da lokaci. Babban aikin tiyata, ranar da ya taso, a yi shi da HeidiSQL ko DBeaver, a gaban mai shago, bayan an ɗauki kwafi. Intanet kuma a ba ta aikin da ta fi iyawa a nan: duk sa'ad da sabis ya samu, kwafin rumbun a kulle ya tafi wani wuri da wuta ba za ta kai ba.

Abin da ya fi wuya ba na fasaha ba ne. Dole Alhaji ya yarda cewa akwai kuɗin shekara, kamar yadda ya yarda da na mai gadi da na sabis ɗin janareto, dole shi kuma mai ginin ya yarda ya miƙa asalin rubutun manhajar da bayanin yadda aka tsara jadawalin, a rubuce, ranar da aka biya shi. Masu ginin suna ƙin wannan don tsoron a kwafe musu aiki a sayar a shago na gaba. Tsoron yana da tushe. Amma riƙe rubutun bai taɓa hana kwafi ba, abin da yake hanawa shi ne wani ya gaje ka. Da mutum uku ko huɗu a Samaru za su haɗu su riƙe manhaja ɗaya ga shaguna talatin, maimakon kowa da tasa ga shago biyu, tafiyar ɗaya Abuja ba za ta rufe kemis ba, kuɗin shekarar kuma zai isa ya riƙe wanda ya zauna.

Gwaji na gaba ma ya riga ya iso. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga kwamfutocin Beljiyam da ke kan kantocin Sabon Gari ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Za su ci gaba da aiki, ba ranar za su mutu ba, amma ɗaya bayan ɗaya za a sauya su, kuma kowace sauyawa tana nufin a ɗauke rumbu daga tsohuwa a dasa a sabuwa. Shagon da ke da fayil ɗinsa a buɗaɗɗen tsari, da rubutun manhajarsa a hannu, aikin yini ɗaya ne. Sauran za su fara neman lambar wayar yaron da ya gama jami'a tun kafin korona.